Hutu a Jirgin Ruwa: Yadda Ake Shirya Shi, Tun Daga Biza Har Ranar Sauka

Manyan jiragen ruwan yawon shaƙatawa otal ne da ke tafiya a kan teku. Ka ajiye kayanka a ɗaki sau ɗaya, ka kwanta a Sifaniya, ka wayi gari a Faransa, jibi kana Italiya. Mafi girmansu, irin su Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean da ya fara aiki daga Miami a Janairun 2024, tsawonsa mita 365 ne, kuma yana iya ɗaukar fasinja kimanin 7,600 ban da ma'aikata. Tallan da ake gani a intanet yana nuna abin kamar latsa waya ne kawai: zaɓi rana, zaɓi ɗaki, biya. Ga Bature ko Ba'amurke kusan haka ɗin ne. Ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana, Kamaru, Chadi ko Sudan kuwa, jirgin shi ne mafi sauƙin abin da ke cikin tafiyar. Takardu da ranaku su ne aikin, kuma su ne ya kamata su zaɓa maka jirgi. Shi ya sa wannan jagora ta jera matakan yadda ya dace da mu, ko da ya saɓa wa jerin da kamfanonin suke bi.

Mataki na 1: Ɗauko fasfo ka duba

Yawancin kamfanonin suna so fasfo ya kasance yana da sauran wata 6 bayan ranar da za a sauka daga jirgi. A lura, bayan ranar sauka, ba ranar shiga ba. Ƙasashen Shengen kuma, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, suna son shafi 2 da ba a buga komai a kansu ba. Duba na kowa da kowa, har na jariri. Idan akwai wanda nasa ya kusa ƙarewa, a sabunta shi tun kafin a yi maganar kuɗi, domin da lambar fasfon za a nemi biza, da ita kuma za a yi rajistar shiga jirgi.

Duba yadda aka rubuta suna. Mu muna da Muhammad, Mohammed, Muhammed da Mamman, wani ma duk shi kaɗai ne a takardu daban-daban. Abin da ke cikin fasfo shi za a rubuta a tikitin jirgin sama, da na ruwa, da inshora, harafi da harafi.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawar nan. Ƙasashe da yawa, ciki har da Afirka ta Kudu, suna neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Mataki na 2: Zaɓi teku gwargwadon bizar da za ka iya samu

Nan ne aka fi yin asara, don haka bari a daɗe a kai. Ƙa'idar ita ce: kowace ƙasa da jirgin zai tsaya, dole ne ka cika sharaɗin shigarta, ko da ba ka da niyyar sauka. Mutum ba zai ce "ai ni a ɗaki zan zauna ran da muka isa can" ba. A tashar farko ake duba takardu, wanda nasa ba su cika ba ba ya shiga, kuma sharuɗɗan tikitin sun ce ba a mayar masa da kuɗi.

Bahar Rum. Lokacinta daga Afrilu zuwa Oktoba. Zagayen da aka fi yi na kwana 7 ne, ya ratsa Basalona, Marseille, Genoa, tashar Civitavecchia ta birnin Roma ko Naples, Palermo da Valletta ta Malta. Duk waɗannan suna cikin Shengen, biza ɗaya ta ishe su. Kuɗinta yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, ban da kuɗin cibiyar karɓar takardu irin su VFS Global, TLScontact ko BLS. Tarkon yana nan: idan jirgin zai leƙa Tunis, ko Kusadasi da Istanbul a Turkiyya, ko Kotor a Montenegro, to ya fita daga Shengen ke nan, komawarsa kuma shiga ce ta biyu. Mai bizar shiga sau ɗaya ya shiga uku. Dole a nemi ta shiga sau da yawa, a kuma duba sharaɗin ita waccan ƙasar daban. Wani abin kuma shi ne sanin ofishin jakadancin da za a kai takardu. Doka ta ce ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, idan kwanakin sun zo daidai sai wadda za ka fara shiga. Jirgin da ya tashi daga Basalona amma ya yi kwana 3 a tashoshin Italiya, mai yiwuwa Italiya ce mai ba ka biza, sai dai idan ka ƙara kwanakin otal a Sifaniya. Kada kuma a ɗauki samun bizar kamar abin da ke hannu: a 2024 an ƙi fiye da kashi 40 cikin 100 na takardun da aka shigar daga Najeriya.

Tekun Fasha. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da zafin yankin ya sauka, jiragen kamfanonin MSC da Costa da wasunsu sun saba zagaya Dubai, Abu Dabi, tsibirin Sir Bani Yas, Doha da Bahrain, wani lokaci har Maskat. Teku ne mai kwanciya, tazarar tashoshin gajera ce, abincin halal da masallaci ba abin nema ba ne idan an sauka. Amma kowace ƙasa da bizarta, kuma jirgin yakan fita daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ya dawo, don haka ita ma ta shiga sau da yawa ake bukata. 'Yan Najeriya sun san an rufe musu bizar Dubai a 2022, sai a Yulin 2024 aka buɗe, da sababbin sharuɗɗa. A 'yan shekarun nan ma azumi yana faɗowa a Fabrairu da Maris, tsakiyar kakar ke nan, sai a duba kalanda.

Bahar Maliya. Saudiyya ta kafa nata kamfanin, Aroya Cruises, wanda ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, an kuma tsara shi don iyalan Larabawa da Musulmi: abincin halal ne, akwai wuraren salla. Ga wanda ya saba zuwa Umara, wannan hanya ce da ta cancanci tambaya. Sai dai tun ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jiragen ruwa hari a kudancin wannan teku, kamfanoni da dama sun soke ratsa shi. Rikici a yankin, ko nan ko Tekun Fasha, yana iya sauya jadawali cikin kwana ɗaya.

Kudancin Afirka. Daga Nuwamba zuwa Afrilu MSC yana tashi daga Durban da Cape Town, zuwa tsibiran gaɓar Mozambik, Walvis Bay ta Namibiya, ko Mauritius da Réunion. Akwai gajerun zagaye na kwana 3 ko 4, masu kyau ga wanda yake son ya gwada ko jikinsa zai ɗauki teku. A kula da Réunion: mallakin Faransa ce amma ba ta cikin Shengen, bizarta daban ce.

Karebiyan. Wannan yankin tsibirai da ke kudu maso gabashin Amurka, ita ce babbar kasuwar wannan harka, ana tashi daga tashoshin Amurka na Miami, Fort Lauderdale da Port Canaveral. Ita ce kuma mafi wuya gare mu yanzu. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Yuli ta mayar da bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata 3 mai shiga sau ɗaya, kuma an ci gaba da tsaurara dokokin bayan nan. Jirgin da ya bar Miami ya zagaya tsibirai ya dawo, shiga ta biyu ce. In ba kana riƙe da tsohuwar biza mai rai ta shiga sau da yawa ba, ko kana zaune a can, ni dai shawarata ka ajiye Karebiyan gefe tukuna. Ga masu zuwa, a tuna lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, shi ya sa farashi yake sauka a Satumba.

Mataki na 3: Nemi ejan, kuma ka tantance shi

Mutum zai iya sayen tikiti da kansa a shafin kamfani. Tambayar ita ce ko hakan ya fi masa. Ejan da ya san harkar jiragen ruwa yawanci daga kamfanin jirgin yake karɓar la'adarsa, don haka farashin ɗakin a wajensa bai kamata ya wuce na shafin kamfanin ba. Wani yakan caji kuɗin hidima daban saboda aikin biza da tsara tafiya. Ba laifi, matuƙar ya faɗa tun farko kuma ya rubuta.

Abin da kake saya a wajensa shi ne ya ɗauki jadawalin jirgi ya karanta shi da idon mai fasfo irin naka. Shafin kamfani ba zai ce maka tsayawar Tunis za ta kashe maka biza ba. Zai rubuta da ƙananan haruffa cewa takardun tafiya alhakin fasinja ne, shi ke nan. Ejan na ƙwarai zai riƙe maka ɗaki na 'yan kwanaki kafin ka biya, ya samo takardar tabbaci mai ɗauke da sunayen tashoshi da ranaku wadda ofishin jakadanci yake so, ya daidaita jirgin sama da na ruwa, ya isar da buƙatar abincin halal ko keken guragu ga sashen da ya dace. Idan farashi ya sauka kafin a kammala biya, yakan nemi a rage maka. Idan kamfani ya sauya hanya ko ya soke tafiya, shi zai zauna a kan waya da su, kai kana harkarka. Idan kuna da yawa, misali dangi ko abokan kasuwanci, kamfanoni da dama suna ba da gurbin mutum 1 kyauta ga ayarin da ya kama ɗaki 8, kuma ta hannun ejan ake samun wannan.

Sai dai ba kowane mai ofishin tafiye-tafiye ne ya san wannan fanni ba. Alhajin da ya shekara 20 yana kai mutane Umara ba tare da matsala ba gwani ne a fagensa, amma wannan wani fage ne. Yi masa tambayoyi kai tsaye. Da waɗanne kamfanonin jiragen ruwa yake hulɗa, kai tsaye ko ta hannun wani dillali? Ya taɓa tura masu fasfo irin naka wannan zagayen? Wace irin biza suka yi amfani da ita? Idan aka hana ka biza, nawa za ka rasa a kowane mataki? Wa za ka kira idan jirgin samanka ya makale da tsakar dare? Wanda ya amsa ta ƙarshe da ta kusa da ita da "kada ka damu, Allah zai kiyaye" kawai, bai amsa ba. Allah yana kiyayewa, amma lambobi kake tambaya.

A Najeriya duba rajistarsa da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka tambayi lambarsa ta IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, da ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan na tafiye-tafiye ta Najeriya. Idan yana da shaidar horo daga CLIA, ƙungiyar kamfanonin jiragen shaƙatawa ta duniya, ƙari ne. Biya a asusun kamfani, ba na wani mutum ba, ka karɓi rasit. Mafi muhimmanci, da zarar ka ba da kafin alƙalami, ka nemi lambar ajiyar ɗaki ta kamfanin jirgin kansa, ka shiga shafinsu ko manhajarsu da ita, ka ga sunanka da idonka da abin da aka biya. Duk wanda ya ce yana da hanyar da biza ba za ta gagara ba, ko ya ce ka sauka a wata tasha ka ɓace, tashi ka bar masa ofishinsa.

Wanda ke zaune a Turai ko Dubai da takardar zama, yana son zagayen kwana 3 shi kaɗai, yana iya yi da kansa ba tare da wata fargaba ba. Mai tasowa daga Kano ko Yamai da iyali a karon farko, ban ga dalilin da zai sa ya yi kasadar ba.

Mataki na 4: Tsara kalanda yadda biza za ta riga cikon kuɗi

Ofishin jakadanci yana son ganin ka kama ɗaki kafin ya ba ka biza. Kamfani kuma yana son cikon kuɗinsa tsakanin kwana 60 zuwa 120 kafin tafiya, gwargwadon kamfani da tsawon zagaye. Daga ranar cikon, tarar sokewa takan fara hawa mataki-mataki, har ta kai ba a mayar da ko sisi a makonnin ƙarshe. Dabarar ita ce amsar biza ta fito kafin wannan rana.

A ɗauka kana son zagayen Bahar Rum a tsakiyar Satumba. Shengen tana karɓar takardu tun saura wata 6, wato daga tsakiyar Maris. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa idan bazara ta gabato. To a kama ɗaki a Janairu ko Fabrairu, wanda dama shi ne lokacin da kamfanoni suke yin rangwame mafi yawa, a shigar da takardu a Maris ko Afrilu, amsa ta zo kafin ranar cikon kuɗin. Akwai farashi iri biyu: mai rahusa wanda ba a mayar da kafin alƙalaminsa, da mai ɗan tsada wanda ake mayarwa. Mai jiran biza ya ɗauki na biyu. Haka tikitin jirgin sama: a riƙe gurbi, kada a yanka wanda ba a mayarwa sai fasfo ya dawo da biza a ciki.

Mataki na 5: Lissafa kuɗin gaskiya

Farashin talla na mutum 1 ne, bisa sharaɗin mutum 2 a ɗaki. Mai tafiya shi kaɗai sau da yawa yakan biya kusan na mutum 2. A cikin farashin akwai ɗaki, abinci a babban ɗakin cin abinci da wurin ɗiban-da-kanka, wasanni da wuraren yara. Abin da ba ya ciki shi ne yake ba mutane mamaki.

Akwai harajin tashoshi, wanda wasu suke haɗawa wasu kuma sai a ƙarshe. Akwai tukwicin ma'aikata da ake ɗora wa kowane fasinja kullum: a jiragen Amurka tsakanin dala 16 zuwa 20, a na Turai kimanin yuro 12. Iyali mai mutum 4 a kwana 7, a kan dala 18, dala 504 ke nan ba a sayi komai ba. Lemo da ruwan roba da kofi na musamman duk da kuɗi. Idan za ka sayi kunshin abin sha, ka tabbata na marasa giya ne, domin wani farashin da ake cewa ya haɗa komai, kuɗin giyar da ba za ka sha ba ne ya kumbura shi. Intanet da kuɗi, wanki da kuɗi, yawon gari da kuɗi, asibitin jirgi kuma da kuɗi mai yawa.

Saboda wannan na ƙarshen, inshora ba abin wasa ba ce. Shengen tana tilasta ta aƙalla yuro 30,000 ta jinya, amma wadda aka saya don cike sharaɗin biza kawai ba lallai ta shafi abin da ya faru a tsakiyar teku ba. Nemi wadda ta ambaci tafiyar jirgin ruwa, da kwashe maras lafiya zuwa asibiti a tudu, da rasa jirgi saboda jinkirin jirgin sama. Mai hawan jini ko ciwon suga ya bayyana tun farko, kada su ƙi biya daga baya.

A cikin jirgi ba a mu'amala da tsabar kuɗi. Katin ɗakinka shi ne mabuɗi, shi ne shaida, shi ne walat, ana haɗa shi da katin banki ko a ajiye kuɗi a teburin hidima. Katin naira yana da iyakar abin da zai kashe a waje, don haka a tafi da katin asusun dala, a kuma riƙe tsabar kuɗi. Masu sefa sun fi sauƙin lissafi a Turai, tunda yuro 1 sefa 655.957 ne ba ya motsi. Wanda ya ɗauki yuro 10,000 ko fiye dole ya bayyana wa kwastan a Turai.

Mataki na 6: Ɗaki

Iri huɗu ne: na ciki maras taga, mai tagar da ba ta buɗewa, mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Mai saurin jiri ya nemi tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa, nan ne ya fi ƙarancin rawa. Ka sa ejan ya nuna maka taswirar jirgin, ka ga abin da ke samanka da ƙasanka, kada ka kwana ƙarƙashin wurin kiɗa ko kicin. Ga matan da ba sa son cunkoson bakin wurin ninƙaya, inda shigar mutane ba irin tamu ba ce, baranda ta cancanci kuɗinta: iska da teku ba tare da idon kowa ba.

Yawancin ɗakuna mutum 2 zuwa 4 suke ɗauka, jariri ma ana ƙirga shi. Babban iyali sai a nemi ɗakuna masu ƙofa a tsakani, kuma da wuri, don ba su da yawa. Wasu kamfanoni ba sa barin yara su kaɗai a sunan ɗaki, sai an rubuta babba tare da su. Yaron da zai tafi da ɗaya daga iyayensa, ko da kawu ko gwaggo, a tanadi takardar amincewar iyaye da ta haihuwa. Yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar mai cikin da zai kai mako 24 kafin ƙarshen tafiya, da yawansu kuma ba sa ɗaukar jaririn da bai kai wata 6 ba. Masu shirin hutun amarci na bayan shekara su lura da wannan.

Mataki na 7: Isa garin tun jiya

Jirgin ruwa ba motar tasha ba ce da za ta jira sai ta cika. Lokaci ya yi, ya tafi. Sauka a garin da zai tashi aƙalla kwana 1 kafin ranar, 2 ma ya fi. Daga Kano ko Abuja ko Yamai kusan duk hanyoyin sai an yada zango, a Addis Ababa, Alƙahira, Doha ko Istanbul, kuma jaka tana iya makalewa a can. Mai zuwa Tekun Fasha ko Durban a Disamba da Janairu ya tuna da hazo, wanda kan hana jirage tashi da sauka a Arewa. Kwanan otal 1 bai kai asarar tafiyar gaba ɗaya ba. Idan hanyar ta bi ta filin jirgin wata ƙasar Shengen zuwa wani wuri, 'yan Najeriya da Ghana suna buƙatar bizar yada zango, sai dai in suna da wata bizar da ta ɗauke musu ita.

Mataki na 8: Kayan da za a ɗauka da waɗanda za a bari

Wuta ita ce abin da jirgi ya fi tsoro. Dutsen guga, butar lantarki, kyandir, risho, duk za a ƙwace a bakin ƙofa. Hajiya, kaskon turaren wuta da gawayinsa ma haka, a ɗauki na fesawa ko humra. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Turai ko Amurka, dokar kwastan ce. Yaji a ƙaramin gwangwani mai murfi kuwa zai yi maka rana, don abincinsu ba ya jin barkono. Magunguna su zauna a kwalinsu na asali tare da takardar likita, a jakar hannu. Masu ɗauke da tramadol ko codeine suna iya jefa mutum cikin babbar matsala a Dubai da Masar.

Ɗauki buta ko gorar roba, domin banɗakin yawancin jiragen Turawa takarda kawai ke ciki. Ɗauki darduma. Alƙibla tana juyawa yayin da jirgi yake tafiya, ƙarfen jirgin kuma yana rikita kamfas ɗin waya, amma talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna inda jirgin yake da inda ya dosa, da ita za ka gane gabas. Lokutan salla ma suna sauyawa daga tasha zuwa tasha. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli, a zauna da malami kafin a tashi. Abincin halal kuma tun saura wata 2 ake nemansa a rubuce. In bai samu ba, kifi da kayan lambu da shinkafa suna nan kullum, sai dai a riƙa tambaya ko an sa giya ko naman alade a miya. Shugaban masu hidimar tebur ya saba da irin wannan tambaya, a daren farko ake gaya masa.

Mataki na 9: Ranar shiga da zaman jirgi

Yi rajista ta manhajar kamfani tun a gida, ka zaɓi lokacin isa. Manyan jakunkuna za a karɓa a bakin tasha, ba za su iso ɗaki ba sai yamma, don haka fasfo, magani da kayan sawa na rana ɗaya su kasance a hannunka. Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto na dole. Tun bayan hatsarin Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka mutu, aka tsaurara doka cewa a yi shi kafin tashi ko da zarar an tashi. Je ka ga wurin taruwarka, ka nuna wa yara.

Da jirgi ya bar gaɓa, sa waya a yanayin jirgin sama. In ba haka ba za ta kama layin tauraron ɗan'adam na jirgin, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. Wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, saboda cutar amai da gudawa tana saurin yaɗuwa inda dubban mutane suke cin abinci wuri ɗaya. Ga jiri, citta tana taimakawa, akwai kuma ƙwayoyinsa, waɗanda ake sha kafin ya fara.

A kowace tasha za a rubuta lokacin da kowa zai dawo, yawanci minti 30 kafin tashi, kuma da agogon jirgi ake aiki, wanda wani lokaci yakan saɓa da na gari. Yawon da ka saya a hannun jirgi ya fi tsada, amma idan motarsu ta makara jirgi zai jira. Idan da kanka ka fita ka makara, kai za ka nemi hanyar tarar da shi a tasha ta gaba, da kuɗinka, wataƙila a ƙasar da ba ka da bizar shigarta ta sama. Don haka a raba: inda gari yake bakin tasha, kamar Valletta ko Basalona, fita da ƙafarka. Inda yake da nisa, kamar Roma da ke kimanin kilomita 80 daga Civitavecchia, ko Florence daga Livorno, bi motar jirgi. Kafin ka sauka, ɗauki hoton takardar shirin ranar, akwai lambar wakilin jirgin na wannan tasha a jiki.

Mataki na 10: Sauka

A daren ƙarshe za a ba ka alamar da za ka ɗaura wa jaka, ka ajiye ta a bakin ƙofa kafin ka kwanta. Ware kayan da za ka sa da safe, an sha ganin wanda ya tura komai ya wayi gari da rigar barci. Duba lissafin asusunka a manhaja tun daren, ka kai ƙorafi teburin hidima kafin ka fita, domin bayan an sauka gyara yana da wuya. Bankinka yana iya riƙe wani kuɗi na 'yan kwanaki kafin ya sake shi. Jirgin yakan iso da asuba, amma kafin a kira rukuninka, a wuce jami'an shige da fice, a ɗauki kaya, hantsi ya yi. Kada ejan ya yanka maka jirgin sama mai tashi kafin azahar, kuma kwanakin bizar su zarce ranar sauka da kwana 2 ko 3, ko da teku zai jinkirta isowa.